Guguwa Ta Wuce, Bashi Ya Zauna: Sharhi Kan Agaji a Ƙananan Ƙasashen Tsibirai

A daren 18 ga Satumba, 2017, mahaukaciyar guguwar da aka laƙaba wa suna Maria ta afka wa Dominika, wani ɗan tsibiri a yankin Karebiyan mai mutane kimanin 70,000. Kafin gari ya waye, kusan gida tara cikin kowane goma ya rasa rufinsa ko ya lalace, har da gidan Firaminista Roosevelt Skerrit, wanda da kansa ya sanar a Facebook cewa iska ta yaye masa rufi. Da masu ƙididdiga suka gama lissafi, ɓarnar ta kai kimanin dala biliyan 1.3, wato kashi 226 cikin 100 na duk abin da ƙasar ke samarwa a shekara. Ko da kowane ɗan ƙasar zai yi aikin shekara biyu cur, bai ci ba bai sha ba, ya tattara abin da ya samu ya miƙa, ba za a mayar da abin da aka rasa cikin 'yan sa'o'i ba. Ana kukan targaɗe sai ga karaya, domin a 2015 ruwan guguwar Erika ya riga ya lashe abin da ya kai kashi 90 cikin 100 na arzikin shekara, ba a kuma gama farfaɗowa ba. Duniya ta tausaya, jiragen agaji sun sauka da tamfol da ruwan sha da magunguna. Sai dai wannan duk hidimar makon farko ce. Abin da ya fi ta nauyi shi ne kuɗin sake gina ƙasa, kuma a mafi yawan lokuta su waɗanda abin ya shafa ne ke biyansa da kansu, ta hanyar cin bashi. A ganina nan ne tsarin agajin duniya ya gaza wa tsibirai, kuma gazawar ta fi kama da rashin adalci a kan ƙarancin tausayi.

Majalisar Ɗinkin Duniya ta lissafa ƙasashe 39 a rukunin ƙananan tsibirai masu tasowa, warwatse a Karebiyan da Tekun Pasifik da Tekun Indiya da gefen Afirka, inda ake da irin su Cabo Verde da Sao Tome da Komoros da Seychelles. Duka-duka mutanensu kimanin miliyan 65 ne. Tun taron Rio na 1992 aka yarda cewa halinsu na daban ne, kuma tun daga nan kusan kowace shekara goma sai an taru an rubuta musu sabuwar takardar alkawari: Barbados a 1994, Mauritius a 2005, Samoa a 2014, Antigua a 2024. Domin a gane abin da ya bambanta su, a tuna ɓallewar madatsar ruwa ta Alau a Satumban 2024. Maiduguri ta ga tashin hankali, amma Kano na nan, Legas na nan, baitulmalin tarayya bai jiƙe ba, manyan motoci kuma sun kama hanya da kayan abinci daga wasu jihohi. Ƙaramin tsibiri ba shi da wani sashe da zai tsira ya kawo wa ɗan'uwansa ɗauki. Guguwar da faɗinta ya kai ɗaruruwan kilomita takan rufe ƙasar ɗungurungum: babban asibiti ɗaya tilo, filin jirgin sama, tashar jiragen ruwa, gidan wuta, har da ofishin hukumar agajin kanta, duk a dare guda. Ma'aikacin da ya kamata ya fita ceto shi ma yana neman inda zai fake da iyalinsa.

Ga kuma tattalin arzikin da ke tsaye da ƙafa ɗaya. Mafi yawansu sun dogara ne da masu yawon buɗe ido, ko kamun kifi, ko amfanin gona ɗaya da ake fitarwa waje. Lokacin da guguwar Ivan ta daki Girenada a 2004, ƙasar ita ce ta biyu a duniya wajen fitar da gyaɗar ƙamshi, bayan Indunusiya. Iska ta kwantar da mafi yawan itatuwan, kuma itacen da aka dasa yau sai ya yi shekaru kamar bakwai kafin ya soma 'ya'ya. Manomin da aka ba buhun shinkafa a watan farko, me zai ci a shekara ta uku? Kwano da siminti da ƙusa da man fetur duk ta jirgin ruwa suke zuwa, daga nesa, da tsada, kuma farashinsu kan tashi daidai lokacin da kowa ke nemansu. Harajin gwamnati yakan faɗi saboda otal-otal sun rufe, alhali kashe kuɗinta ya ninka.

Batun sauyin yanayi kuwa bai kamata a yi masa ƙari ba, don gaskiyarsa ta isa. Masana ba su ce yawan guguwa ya ƙaru ko'ina ba. Abin da suka tabbatar shi ne, teku ya ɗumama, kuma ɗumin ruwan teku shi ne makamashin guguwa, don haka kason masu tsananin ƙarfi a cikinsu na ƙaruwa, suna kuma saurin haukacewa. Maria ta tashi daga mataki na 1 zuwa na 5, wanda babu sama da shi, cikin ƙasa da kwana guda, abin da ke nufin mutanen da suka yi shirin iska mai sauƙi da safe sun kwana da wani abu dabam. Beryl, a farkon Yulin 2024, ta kai mataki na 5 da wuri a damina fiye da kowace guguwa a tarihin Tekun Atilantika da aka rubuta. Iskar da ɗuminta ya ƙaru da digiri ɗaya tana ɗaukar tururin ruwa da ya ɗara da kimanin kashi 7 cikin 100, shi ya sa ruwan da ke biyo guguwa ke tsananta. Tekun ma ya tashi da kusan santimita 20 tun daga 1900. A Tuvalu, inda babu tudun da ya kai mita 5 sama da teku, mutane suna shuka wani nau'in gwaza a cikin ramukan da kakanninsu suka haƙa har zuwa ruwan daɗi da ke kwance ƙarƙashin yashi. Yanzu ruwan gishiri na ɓullowa ta ƙasa ya shiga ramukan, ganye ya yi rawaya, saiwa ta ruɓe, ba tare da an ga wata guguwa ba, ba tare da wani gidan rediyo ya ba da labari ba. Duk ƙasashen nan 39 in an haɗa su, hayaƙin da suke fitarwa mai ɗumama duniya bai kai kashi 1 cikin 100 ba.

A yi wa agajin gaggawa adalci: yana ceton rai, kuma an ci gaba ƙwarai wajen gargaɗi da kwashe mutane. Guguwar Pam ta Maris 2015 ta lalata abin da ya kai kashi 64 cikin 100 na arzikin Vanuatu na shekara, amma waɗanda suka mutu ba su kai 20 ba, saboda saƙonnin gargaɗi ta wayar hannu da rediyo, da kuma ɗakunan gargajiya masu gajeren rufi da mutanen ƙauye suka san yadda ake ɗaure su. Amma a dubi abin da ya biyo baya a tashar jiragen ruwa ta Port Vila. Kwantena fiye da 70 ta iso maƙare da kayan da ba wanda ya nema: takalma masu tsini, jakunkunan mata, barguna masu nauyi a ƙasar da zafi ke damun mutane, abincin gwangwani da wa'adinsa ya kusa cika. Wata goma bayan guguwar, kwantena 18 na jibge a tashar, kuɗin ajiyarsu ya doshi dala miliyan ɗaya da rabi, sun tare wa kwano da katako hanya, kuma 'yan ma'aikatan da ƙasar ke da su suna ɓata lokaci wajen tantance tsummokara. Waɗanda suka aiko sun yi da kyakkyawar niyya, babu shakka. Amma sadakar da aka zaɓa domin ta sanyaya zuciyar mai bayarwa, sau da yawa kaya ce a kan wanda aka ba.

Haiti ce ta nuna wannan cuta a mafi girman siffarta. Bayan girgizar ƙasar 12 ga Janairu, 2010, an yi alkawarin biliyoyin daloli, amma lissafin ofishin wakilin Majalisar Ɗinkin Duniya na musamman ya nuna cewa kusan kashi 1 cikin 100 ne kacal na kuɗin agajin gaggawa ya bi ta hannun gwamnatin ƙasar, ƙungiyoyi da kamfanonin 'yan ƙasa kuma abin da suka samu bai ma kai haka ba. Sauran ya koma ga ƙungiyoyin waje da 'yan kwangilarsu da sojojin ƙasashen da suka ba da kuɗin. Hujjar da aka kafa ita ce gwamnatin ba ta da ƙarfi kuma akwai cin hanci, kuma gaskiya ne girgizar ta rusa kusan dukkan gine-ginen ma'aikatu. To amma in ka kewaye gwamnati mai rauni, ka ɗauke mata ƙwararrun ma'aikatanta da albashin da ba za ta iya biya ba, me ka bari a baya ranar da ka naɗe tabarmarka? Abin takaici ma, sojojin kiyaye zaman lafiya na Majalisar ne suka shigo da kwalara a wannan shekarar, ta kashe mutane kimanin 10,000, kuma sai a Disambar 2016 Ban Ki-moon ya nemi afuwa. Akasin haka aka gani a Afrilun 2020, sa'ad da guguwar Harold ta daki Vanuatu ana tsakiyar kullen korona. Gwamnati ta hana ma'aikatan agaji na waje shiga, kaya kawai aka karɓa, sarakunan gargajiya da majami'u da ƙungiyoyin mata da jami'an larduna suka yi rabon. An yi jinkiri, an yi ƙorafi, amma aikin bai tsaya ba. Fiji kuwa, bayan guguwar Winston ta 2016, ta zuba wa waɗanda dama ke cikin rajistar tallafin marasa galihu kuɗin wata uku a dunƙule, kowa ya sayi abin da ya san gidansa na bukata, kuɗin kuma ya zagaya a kasuwannin cikin gida.

Amma ko an gyara duk wannan, babban ramin na nan. Kyamarori kan tafi bayan mako biyu, kuɗin jinƙai kan ƙare bayan wata shida, sake gina hanyoyi da gadoji da makarantu da turakun wuta kuwa aikin shekara biyar ne zuwa goma. Alkawuran da ake yi a tarukan masu ba da tallafi, wani ɓangare ba ya zuwa, wani tsohon kuɗi ne aka sake wa suna, wani kuma rance ne. Girenada ta kasa biyan bashinta bayan Ivan, ta zauna da masu binta a 2005, ta sake zama da su daga 2013 zuwa 2015. Ƙasar kan ci bashi ta gina gada, guguwa ta kwashe gadar, bashin ya zauna daram, a sake cin wani don gina gada ta biyu a wuri guda. Kowace dalar da ta tafi kuɗin ruwa, dala ce da ba a sa ta a magudanar ruwa ko katangar teku ko ƙarfafa rufin asibiti ba, don haka guguwa ta gaba takan tarar da ƙasar ta fi da rauni. Majalisar Ɗinkin Duniya ta ce fiye da kashi 40 cikin 100 na waɗannan ƙasashe bashi ya riga ya shaƙe su ko yana dab da shaƙe su.

Me ya hana su samun rance mai rangwame ko tallafin da ba a biya? Ma'auni ɗaya ne ya tsare ƙofar, wato matsakaicin kuɗin shigar kowane ɗan ƙasa. Ƙa'idar ƙungiyar OECD ta ƙasashe masu ba da tallafi ita ce, ƙasar da ta haura kimanin dala 14,000 ga kowane mutum shekara uku a jere, an cire ta daga jerin masu cancantar tallafin raya ƙasa. Antigua da Barbuda ta fita daga jerin a farkon 2022, shekara huɗu da 'yan watanni bayan guguwar Irma ta 2017 ta sa an kwashe mutanen Barbuda kaf, kusan 1,800, daga tsibirinsu. A 2017 ɗin ma Birtaniya ta tarar ƙa'ida ba ta ba ta damar lissafa abin da ta kashe wa yankunanta irin su Anguilla a cikin kasafin tallafinta ba, wai sun yi arziki da yawa. Bahamas, wadda guguwar Dorian ta yi wa ɓarnar dala biliyan 3.4 a 2019, a kasuwa take neman rance kamar kowace ƙasa mai hali. Tamkar a ƙi haɗa wa ɗan kasuwar da gobara ta cinye wa rumfa gudummawa ne, a ce ai littafin cinikinsa na bara ya nuna shi mai kuɗi ne. A Agustan 2024 Babban Zauren Majalisar Ɗinkin Duniya ya amince da wani sabon ma'auni da ke auna raunin ƙasa ta fuskoki da dama, abin da tsibiran suka shafe shekara talatin suna nema. Sai dai amfani da shi ganin dama ne, ba a wajabta wa Bankin Duniya ko Asusun Ba da Lamuni na Duniya ba.

A nan mai karatu na da haƙƙin ya ja da ni. Zai ce kuɗin tallafi ƙayyadadde ne, yana ma raguwa tun da Amurka ta rushe hukumarta ta USAID a 2025, to don me za a ba ɗan Bahamas ko ɗan Barbados, wanda kuɗin shigarsa ya ninka na ɗan Nijar ko ɗan Chadi sau ashirin ko fiye, alhali akwai yaran da yunwa ke kashewa a Sahel da Sudan? Magana ce mai nauyi, kuma in da tukunya ɗaya ake ɗiba, ni ma zan ce a fara da mai yunwa. Amma abu biyu ne aka cakuɗa. Tallafin yaƙi da talauci taimako ne ga mabuƙaci, kuma daidai ne a auna shi da talauci. Kuɗin gyaran ɓarnar da hayaƙin wasu ya haddasa kuwa diyya ce, ita kuwa diyya ba a tambayar ko wanda aka yi wa ɓarna talaka ne kafin a biya shi. Masu arzikin ƙasashe sun fi son a bar komai a tukunya guda, domin ta haka mabuƙata za su yi ta rigima a kan ɗan abin da ke ciki, wanda ya kamata ya ƙara zubawa kuma ya koma gefe yana kallo. Sannan ba duka tsibiran ne masu hali ba. Haiti da Komoros da Tsibiran Solomon da Kiribati suna cikin matalautan ƙasashen duniya, kuma ko a Bahamas, unguwannin baƙin haure 'yan Haiti na tsibirin Abaco ne Dorian ta share ƙaƙaf.

Ja na biyu ya fi zafi, kuma akwai gaskiya a cikinsa: su ma shugabannin tsibiran ba wankakku ba ne. An bar masu otal sun sare itatuwan bakin teku da ke karya ƙarfin igiyar ruwa, an ba da izinin gini a bakin rafi, dokokin gini na nan a takarda ba mai bi. A Barbuda, inda a wancan lokaci ƙasa mallakar al'umma ce baki ɗaya bisa al'ada da kuma dokar 2007, gwamnatin Gaston Browne ta yi amfani da lokacin da mutane ke gudun hijira bayan Irma ta matsa a sauya tsarin. Ta ce takardar mallaka za ta ba kowa damar samun rancen banki da inshora, da yawa daga mutanen tsibirin kuma suka ce hanya ce ta miƙa gaɓarsu ga attajiran waje, rigimar har ta kai kotun ƙoli da ke Landan. Wasu, irin su Dominika da Vanuatu, sun koma sayar da fasfo ga baƙi don samun kuɗin shiga, har Birtaniya ta ƙaƙaba musu biza a 2023 (ko da yake da kuɗin fasfon ne Dominika ta gina gidaje masu jure guguwa da dama, abin da ke nuna irin ƙofar da aka bar mata a buɗe). Duk wannan a faɗe shi. Amma a dubi Jamaika, wadda ta yi duk abin da masu ba da rance suka ce a yi. Ta ɗaure ciki fiye da shekara goma, ta sauko da bashinta daga sama da kashi 140 cikin 100 na arzikin shekara zuwa ƙasa da 70, ta ware asusun ko-ta-kwana, ta sayi inshora hawa-hawa. Ranar 28 ga Oktoba, 2025, guguwar Melissa ta sauka a kudu maso yammacin ƙasar da ƙarfin mataki na 5, Bankin Duniya da takwaransa na nahiyar Amurka suka ƙiyasta ɓarnar gine-gine da gonaki da kayan more rayuwa a kan dala biliyan 8.8, kusan kashi 41 cikin 100 na arzikin shekara. Kyakkyawan shugabanci yana rage mace-mace, yana hanzarta farfaɗowa, amma babu wata ƙasa mai mutum miliyan uku da tsimi zai ishe ta ɗaukar irin wannan.

Masu cewa inshora ce mafita su ma sun faɗi rabin gaskiya. Asusun inshorar bala'o'i na Karebiyan, CCRIF, da aka kafa a 2007, dabara ce mai kyau. Ba ya jiran a zagaya a ƙirga gidajen da suka rushe. An riga an yi yarjejeniya cewa in ƙarfin iska ko girgiza ko ruwan sama ya kai wani mizani, kuɗi zai fita cikin kwana 14. Tarayyar Afirka ma ta kafa irinsa, wanda a 2015 ya biya Nijar da Senegal da Muritaniya saboda fari. Saurin nan na da daraja, domin da shi ake biyan albashi da share hanya da sayen man janareton asibiti kafin masu alkawari su gama taro. Amma a duba girmansa. Dominika ta karɓi kimanin dala miliyan 20 a kan ɓarnar biliyan 1.3. Takardun lamunin bala'i na dala miliyan 150 da Jamaika ta sayar ta hannun Bankin Duniya ba su biya ko sisi ba lokacin Beryl, saboda guguwar ta gaza mizanin da kaɗan, duk da ɓarnar da ta yi a kudancin ƙasar. Sun biya duka bayan Melissa, amma miliyan 150 a gaban biliyan 8.8 bai kai kashi 2 cikin 100 ba. Kuma wa ke biyan kuɗin inshorar kowace shekara? Galibi ƙasar da ke cikin hatsarin, kuma farashin na hawa gwargwadon yadda hatsarin ke ƙaruwa. Haka nan sharaɗin ɗage biyan bashi in bala'i ya auku, wanda Girenada ta fara sakawa a yarjejeniyarta ta 2015, Barbados ta bi, Firaministarta Mia Mottley kuma ta tallata shi a duniya ƙarƙashin shirin Bridgetown na 2022. Girenada ce ta fara amfani da shi bayan Beryl ta ragargaza tsibirin Carriacou, kuma ya ba ta sararin numfashi. Sai dai ɗagewa ce kawai, bashin na jiranta.

Akwai kuma masu cewa a daina zuba kuɗi a yashi, a kwashe mutanen kawai. Yarjejeniyar da Tuvalu ta ƙulla da Ostireliya a 2023 ta ba mutum 280 damar ƙaura kowace shekara, kuma da aka buɗe rajista a 2025 fiye da kashi ɗaya cikin uku na al'ummar ƙasar suka shiga cikin 'yan kwanaki. Ba wanda zai zarge su. Amma yarjejeniyar ta kuma ba Ostireliya, ɗaya daga manyan masu fitar da kwal a duniya, ta-cewa a kan duk wata hulɗar tsaro da Tuvalu za ta yi da wata ƙasa. Ƙaura ma ba ta da arha ko sauƙi: ƙauyen Vunidogoloa na Fiji nisan kimanin kilomita 2 kawai aka matsar da shi a 2014, amma sai da aka shafe shekaru ana shawara da neman kuɗi, kuma masuntan da suka tashi a bakin ruwa suka koma kan tudu. Ga Jamaika da Haiti da Fiji masu duwatsu da tuddai kuwa, maganar nutsewa ba ta ma taso ba. Abin da suke bukata shi ne rufin da aka ɗaure da ƙarfe a jikin bango, da gadar da aka ɗaga, da wayar wuta da aka binne a ƙasa, abubuwan da aka san yadda ake yi, aka kuma san sun fi sake gini arha.

Tun a 1991 Vanuatu, a madadin ƙawancen ƙananan tsibirai, ta gabatar da shawarar a kafa asusun da ƙasashe masu masana'antu za su zuba wa kuɗi don biyan asarar da tashin teku zai jawo. Sai bayan shekara 31, a taron Sharm el-Sheikh na 2022, aka amince da Asusun Asara da Ɓarna, aka buɗe shi a Dubai a 2023, ɗan Senegal Ibrahima Cheikh Diong ya zama shugabansa na farko. Zubin ganin dama ne, kuma yarjejeniyar ta kauce wa duk wata kalma mai nuna alhaki. Amurka ta yi alkawarin dala miliyan 17.5, ta kuma fice daga hukumar gudanarwarsa a 2025. Uzurin da aka daɗe ana kawowa shi ne ba za a iya danganta wata guguwa da hayaƙin wata ƙasa ba, kuma girgizar Haiti ko aman wutar da ya katse Tonga da duniya a Janairun 2022 ba ruwansu da yanayi. Na biyun gaskiya ne, kuma ba wanda ya nemi diyyarsu. Na farkon kuwa kimiyya ta rage masa ƙarfi, domin yanzu masana kan lissafa cikin 'yan kwanaki gwargwadon abin da ɗumamar duniya ta ƙara wa iska da ruwan wata guguwa. Ranar 23 ga Yuli, 2025, Kotun Duniya da ke Hague, a kan buƙatar da ɗaliban jami'a na yankin Pasifik suka faro, Vanuatu ta kai gaban Majalisar Ɗinkin Duniya, ta bayyana da murya ɗaya cewa kare yanayi wajibi ne a dokar ƙasa da ƙasa, kuma ƙasar da ta saɓa za a iya bin ta diyya in an tabbatar da alaƙar saɓawar da ɓarnar. Ra'ayin shari'a ne wanda ba ya tilasta wa kowa biya, amma ya fitar da maganar daga babin roƙo. Ya kamata wakilan Najeriya da Nijar da Chadi da ke zuwa tarukan yanayi su riƙe shi hannu bibbiyu, su tsaya tare da tsibiran a kan zubi na wajibi da kuɗin da ba rance ba, domin daga wannan asusun ne su ma za su nemi na ambaliya da fari. Zuwa lokacin da Melissa ta sauka, duk alkawuran da aka yi wa asusun ba su kai dala miliyan 800 ba, ƙasa da kashi ɗaya cikin goma na ɓarnar da ta yi wa Jamaika ita kaɗai.